James Barnor da Masu Hoton Kasuwanninmu

Mai ɗaukar hoton mutane a situdiyo da mai ɗauko wa jarida hoto duk kyamara suke ratayawa, amma halin da kowace sana'a take nema a wurin mai ita daban ne. Na farko mutum ne mai haƙuri, wanda yake zaune har abokin ciniki ya zo da ƙafarsa, ya zaunar da shi, ya gyara masa karin hula da wuyan riga, ya karkata fuskarsa wajen haske, kuma ba zai danna ba sai ya tabbata wanda ke gabansa zai ga hoton ya ji daɗi, domin shi ne zai biya. Na biyu kuwa ba wanda yake jiransa. Kutsawa yake yi cikin taro, ya haye katanga ko bayan mota, ya ɗauki abu yadda ya faru, ko wanda aka ɗauka ya so ko bai so ba, domin edita ne zai biya. Ba kasafai ake samun mutum ɗaya ya ƙware a duka biyun ba. James Barnor, mutumin Ghana, yana cikin 'yan ƙalilan da suka haɗa su, kuma tun da na fara bibiyar hotunansa ta intanet daga nan ƙauyenmu a ƙasar Ringim, nake ganin tarihinsa ya shafe mu fiye da yadda nisan ƙasarsa zai sa a yi zato.

An haife shi a Accra ranar 6 ga Yuni, 1929, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila ana ce mata Gwalkwas, wadda kakanninmu fatake suka daɗe da sani ta dalilin goron Gwanja. Yana ɗan shekara 17, yana koyar da saƙar kwando a wata makarantar mishan, sai hedimasta ya ba shi ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, irin wadda ake yi domin yara da 'yan koyo. A 1947 ya shiga koyon sana'ar sosai a hannun ɗan'uwansa J.P. Dodoo, wanda ya yi suna wajen hoton situdiyo, ya yi shekara 2 yana yi masa yaron shago. Ya kamata a tuna yadda aikin yake a wancan zamani, domin a nan aka gina duk abin da ya zama daga baya. Kyamarar babban akwati ce a kan ƙafa uku. Mai hoto yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya hango mutum a kife a jikin gilashi, ya daidaita shi a haka, sannan ya zura faranti wanda hoto ɗaya tak yake ɗauka. Farantin yana da tsada, don haka ba a gwaji da shi, kuma hasken rana ne fitila, don haka dole yaro ya koyi bambancin hasken hantsi da na la'asar a kan baƙar fata. Bayan an wanke nagatif, wato farantin ko fim ɗin da ake fitar da hoton takarda daga jikinsa, a ɗakin duhu, sai a ɗauki fensir mai tsini a bi fuskar a hankali, a shafe ƙuraje, a rage tamoji, har tsoho ya koma magidanci. Wanda ya tashi a irin wannan horo ba zai taɓa kallon fuskar mutum da garaje ba.

Da ya tsaya da ƙafarsa, a fili ya fara, da labule rataye a bayan masu zama, kafin a 1953 ya buɗe situdiyonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown, tsohuwar unguwar masunta da 'yan dambe a bakin teku. Shagon ya zama matattarar samari da 'yan mata, da ma'aikatan gwamnati, da malaman asibiti, da amare da angwaye, kowa yana zuwa da kayan da yake so a tuna shi da su. A daidai wannan lokaci ne wata ƙofar ta buɗe masa. A 1950 kamfanin jaridar Daily Mirror ta Landan ya kafa Daily Graphic a Accra, Barnor ya zama mai ɗaukar hotonta na farko, abin da ya sa ake ɗaukarsa a matsayin ɗan jaridar hoto na farko a ƙasar. Wannan aiki ya tilasta masa ajiye babban akwati ya ɗauki ƙaramar kyamara ya fita titi. Jarida mai yawan hotuna a ƙasar da mafi yawan jama'a ba su yi boko ba, ba ƙaramin abu ba ce, domin wanda bai iya karanta kanun labari ba yana iya karanta fuska, kuma gani ya kori ji.

Ya yi sa'ar zamani. A watan Fabrairun 1951 jam'iyyar Kwame Nkrumah ta lashe zaɓe alhali shi yana tsare a kurkukun James Fort, aka fito da shi aka damƙa masa jagorancin gwamnati, daga nan aka kama hanyar da ta kai ga samun 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. Barnor yana tsakiyar waɗannan shekaru da kyamararsa. Ya ɗauki Nkrumah a wurare da dama, har da wani hoto na 1952 inda yake buga ƙwallo domin buɗe wasa. Ya ɗauki ɗan damben nan Roy Ankrah, wanda ya ci kambun daular Ingila a ajinsa a 1951. Ya ɗauki bukukuwan samun 'yanci da manyan baƙin da suka halarta. Ya kuma fara aiki da mujallar Drum, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1951 take kuma fitar da bugu na musamman domin Afirka ta Yamma.

Amma hoton da na fi daɗewa ina kallo a cikin ayyukansa na wannan zango ba na wani shugaba ba ne. Hoton Selina Opong ne, ɗaya daga cikin mata na farko da suka shiga aikin ɗan sanda a ƙasar, wadda ta zo situdiyonsa wajen 1954 ta tsaya cikin kayan sarki aka ɗauke ta. Ba edita ne ya aiko a ɗauko ta ba. Ita ce ta ga ta kai wani matsayi da ya cancanci a ajiye shaidarsa. Duk da haka, wanda yake son ya fahimci abin da ya sauya a Gwalkwas a shekarun 1950 zai samu labari a wannan hoto kamar yadda zai samu a hoton babban taron siyasa. A nan ne nake ganin sirrin Barnor: hoton situdiyonsa yana ɗauke da labari, hoton labarinsa kuma yana ɗauke da ladabin situdiyo. Ko a titi ya ɗauki mutum, za ka ga kamar an yi sallama an gaisa kafin a danna, mutumin yana tsaye da mutuncinsa, ba a kama shi a wani hali da zai ji kunyar 'ya'yansa su gani ba.

Wannan batu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mu nan karkara ba a cika zuwa ɗaukar hotonmu ba sai wani abu ya lalace. Lokacin ambaliyar 2022, da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a sassa da dama na Jigawa, an ga hotunanmu a kafofin labarai na gida da waje, kuma ba na musun amfaninsu, domin da yawa daga cikin taimakon da ya iso hotunan ne suka jawo shi. Sai dai kusan dukkansu iri ɗaya ne: dattijo tsamo-tsamo da tabarma a ka, mace a makarantar firamare da yara zube a gabanta, ba suna, ba sana'a, ba alamar cewa wannan dattijo shi ne limamin unguwa ko sarkin noma. Mai hoton ya zo da safe ya koma birni kafin magariba. Ba mugunta ba ce, yanayin aikin ne. Amma da ya taɓa zama a shago inda wanda aka ɗauka zai iya duba hoton ya ce bai yi ba a sake, da ya tsaya ya tambayi dattijon ko yana so ya sauke tabarmar ya gyara rawaninsa tukuna.

A ƙarshen 1959 Barnor ya tafi Ingila domin ƙaro ilmi. Ya yi aiki a wani kamfanin wankin hoto mai kala a yankin Kent, ya kuma yi karatu a kwalejin fasaha ta Medway da tallafin hukumar cinikin koko ta Ghana. Hoto mai kala a lokacin aiki ne na ƙwararru ƙalilan, saboda ana bukatar a tsare zafin ruwan magani da lokacin kowane mataki ba tare da kuskure ba, kuma akwai wata matsala da ta shafi mu baƙar fata kai tsaye: kamfanonin fim sun daɗe suna auna ingancin kala da hoton farar mace, don haka baƙin mutum yakan fito a dushe, ba a ganin komai sai ido da haƙori, idan mai hoto bai san yadda zai sarrafa haske da wanki ba. Barnor ya san wannan tun daga Jamestown. Hotunan da ya ɗauka wa bangon Drum a Landan cikin shekarun 1960, na 'yan mata baƙaƙe irin su Erlin Ibreck da Marie Hallowi a titunan birnin, sun fito da fatarsu yadda Allah ya halicce ta, kuma an sayar da mujallar a Accra da Legas a lokacin da ba a saba ganin baƙar mace a bangon mujalla mai kala ba. A 1966 ya ɗauki Muhammad Ali yana atisaye kafin karawarsa da Brian London, a 1967 kuma ya ɗauki Mike Eghan, ma'aikacin sashen Afirka na BBC, a dandalin Piccadilly da hannuwansa a buɗe.

Bayan ya samu horo a wurin kamfanin kayan hoto na Agfa-Gevaert a Jamus da Beljiyam, ya koma gida a 1970 ya kafa ɗakin wankin hoto mai kala na farko a Ghana a ƙarƙashin kamfanin Sick-Hagemeyer. Kafin nan, wanda ya ɗauki fim mai kala sai ya aika da shi ƙetare ya zauna jira. Wasu daga cikin hotunansa da aka fi yaɗawa a yau, na wata ma'aikaciyar shagon riƙe da robobi masu launi iri-iri, asalinsu gwaji ne kawai na daidaita kalar inji. A 1973 ya buɗe wani situdiyon mai suna X23, daga baya ya yi wa ofishin jakadancin Amurka aiki, ya kuma yi wa gwamnati aikin hoto a fadar Osu zamanin mulkin Jerry Rawlings. Sai dai duk wannan bai tara masa dukiya ba. A 1994, yana da shekara 65, ya sake komawa Landan, inda ba wanda ya san shi a matsayin kowa, har ya yi aikin shara da goge-goge domin ya ci abinci. Abu ɗaya ne bai rabu da shi ba duk inda ya yi, wato akwatunan nagatif ɗinsa.

A nan ne tarihinsa ya rabu da na masu hotonmu, domin a sauran abubuwa sun yi kama ƙwarai. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano, har da ɓangaren da ya zama Jigawa a 1991, ya san mai hoton kasuwa. Yakan bi kasuwanni ne kamar kowane ɗan koli, Lahadi yana Gujungu, Alhamis wataƙila ya kai har Maigatari, da kyamara a wuya da labule naɗe a bayan keke ko babur. Ya rataya labulen a jikin katanga, wani mai zanen Ka'aba ko jirgin sama ko gidan bene, ya ajiye kujera da tulun furen roba, sai ka ji yana cewa, "Alhaji, a ɗan ɗaga kai, yawwa, kada a motsa." Samari sukan ari agogo da tabarau da rediyo domin a ɗauke su da su. Idan fim ya cika sai ya kai Kano a wanke, mako na zagayowa ya dawo da hotuna a ambulan, kowa ya cika kuɗinsa ya karɓa. Shi ne kuma ɗan jaridar garin ba tare da ya taɓa kiran kansa haka ba, domin shi ake kira ranar naɗin dagaci, da saukar karatu, da buɗe famfon burtsatse, da ranar da hakimi ya fito hawan sallah, da ranar da aka ɗebi yaran farko zuwa makarantar firamare lokacin shirin ilmi kyauta na 1976. Ba wata jarida da ta aiko wakili ƙauyenmu a waɗannan ranaku. Idan akwai shaidar su a hoto, to a hannunsa take.

Na taɓa zuwa gaida tsohon mai hoton yankinmu, wanda yanzu ido ya yi rauni ya koma sayar da hatsi, na tambaye shi, "Baba, ina nagatif ɗin da kuka tara shekara da shekaru?" Ya yi dariya ya nuna mini cewa ba a taɓa tara su ba. Wasu yakan haɗa wa mai hoto a ambulan, yara su ɗauka suna kallon rana da su har su karce. Wasu ya cusa a buhu, gara da ɗanshin damina suka gama da su. Ragowar kuma matarsa ta share ta ƙone lokacin da aka sake rufin ɗaki. Ba sakaci ba ne irin wanda za a zarge shi a kai. A lissafinsa ciniki ya ƙare ranar da aka biya kuɗi, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa nagatif kamar irin shuka yake, hoton da aka wanke kuwa tuwon da aka ci ne. Hoton takarda yakan koɗe, ya manne da gilashin firam, ruwa ya taɓa shi ya tafi. Amma nagatif mai kyau, musamman na fari da baƙi, idan ya samu wuri busasshe, ana iya fitar da sabon hoto daga jikinsa bayan shekara 60, a girman da ake so.

Ko da an adana su ma, dole a faɗi cewa tarihin da za su bayar mai gibi ne. Mai hoto namiji ba ya shiga gidan kulle, don haka iyayenmu mata kusan ba su a cikin hotunan, sai 'yan mata ranar sallah ko amarya da ƙawayenta. Dattawa da yawa kuma sun ƙi tsayawa gaban kyamara saboda saɓanin malamai a kan hukuncin hoto, shi ya sa a gidaje da dama hoto ɗaya tak ake da shi na kaka, wato fasfo ɗin da larurar aikin hajji ta sa ya ɗauka. Accra ta Barnor birni ce ta bakin teku mai wata al'ada daban, inda mace take zuwa situdiyo da kanta, kuma ba na cewa dole mu zama su. Abin da nake cewa shi ne, ƙarancin hotunan namu ya ƙara musu daraja, tun da ɗan fasfo guda na iya zama shi kaɗai ne fuskar da zuriya guda za ta sani ta wanda ya kafa gidansu.

Akwatunan Barnor sun jira har lokacinsu ya zo. A 2007, shekarar da Ghana ta cika 50 da samun 'yanci, Nana Oforiatta Ayim ta shirya nunin hotunansa a cibiyar Black Cultural Archives da ke Landan. A 2010 ƙungiyar Autograph ABP ta yi masa babban nuni a Rivington Place, yana da shekara 81, daga nan manyan gidajen adana kayan fasaha irin su Tate da Victoria and Albert suka mallaki ayyukansa. A 2016 gwamnatin Ghana ta ba shi lambar girmamawa ta Order of the Volta, a 2021 kuma gidan nuni na Serpentine ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Taskarsa, mai hotuna fiye da 30,000, wani gidan nuni ne a Paris ya ɗauki nauyin tsara ta da mayar da ita cikin kwamfuta. Irin wannan hanya Seydou Keïta na Bamako ya bi: ya buɗe situdiyo a 1948, ya adana nagatif ɗinsa cikin tsari, sai a farkon shekarun 1990 Turai ta gano shi, kimanin shekara goma kafin rasuwarsa a 2001. Ina murna da abin da ya samu waɗannan dattawa, amma akwai ɗaci a ciki, domin sau da yawa sai Landan ko Paris ta ce abu yana da daraja sannan mu waiwaye shi, kuma idan ta faɗa, can ake kwashe shi. Muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, muna da Arewa House da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, muna da jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa. A ganina ɗalibin tarihi da zai bi tsofaffin masu hoton masarautun Ringim, Gumel, Haɗeja, Kazaure da Dutse ya tattaro abin da ya rage a hannunsu zai yi aikin da ya fi maimaita abin da aka riga aka rubuta a kan sarakuna.

Wayar hannu ba ta warware matsalar ba, ta sake mata kama ne kawai. Yau kowane yaro a ƙauye mai hoto ne, ana ɗaukar hotuna a biki ɗaya fiye da abin da tsohon mai hotonmu yake ɗauka a shekara, amma suna zaune ne a ƙaramin katin ajiya wanda yake tafiya ranar da waya ta faɗa rijiya, ko aka sace ta a kasuwa, ko mai gyara ya goge ta. Abin da aka tura WhatsApp kuma an riga an matse shi, ba zai yi kyau a babban bugu ba.

Akwai wani abu da ya taimaki taskar Barnor wanda ba a cika ambata ba, wato tsawon ran da Allah ya ba shi da kuma ƙarfin tunawarsa. Masu tsara hotunan sun zauna da shi yana gaya musu wane ne wannan, a ina aka ɗauka, a wace shekara, shi ya sa muka san Selina Opong da sunanta maimakon a rubuta "wata 'yar sanda". Mu ma wannan ɓangaren ne ya fi gaggawa, kuma ba ya bukatar kuɗi ko izinin wata hukuma. A gidanmu na fara bin tsofaffin hotunan da ke cikin adakar gwaggona, ina zama da ita tana faɗa ina rubuta sunan kowa da garinsu da abin da ake yi ranar a bayan hoton. Da fensir nake rubutawa, domin tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓata fuskar da ke ɗaya gefen, sannan in ɗauki gaba da baya da waya in aika wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke Kano da Dutse su ajiye kwafi. A wani hoton ɗaurin aure mai mutum 11, ta gane 8, sauran ukun ta ce baƙi ne daga wajen dangin ango, sai dai a tambayi wani tsoho a Taura wanda ya halarci ɗaurin auren.